Tsaga Uku a Bakin Tiyo

Yayana ya rasu ranar Laraba da hantsi, muka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Daga wurin Allah muka zo, wurinSa za mu koma. Ya riga ni zuwa duniya da shekara bakwai, yanzu kuma ya riga ni barinta.

Mun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, ƙarƙashin darbejiyar da ya shuka da hannunsa. Ni ne babban da ya rage a ɗakinmu, don haka a gabana ake durƙusawa a yi gaisuwa. Kowa ya zo da abin da ya tuna. Mai injin niƙa na bakin kasuwa ya ce tun da ya san Yaya injinsa bai taɓa kwana a lalace ba. Wani manomin rani ya ce Yaya ya taɓa bin sa har gona a bayan babur, da azumi a bakinsa, ya tayar masa da injin ban-ruwa lokacin da tumatirinsa ke shirin ƙonewa. Babbar 'yarsa ta leƙo zaure ta kira ni, idanunta sun kumbura.

"Baffa, an ce in kwashe kayansa a wanke a rabar. Har yanzu warin fetur ne a jikin rigunan. Na kasa."

Na ce ta bar su tukuna.

Wani tsohon direba da ya daɗe da ajiye tuƙi ya saurari masu yabon injin niƙa har ya gaji, sai ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ku dai ba ku san wanda kuka binne ba. Injin niƙa? Mutumin da ake kawo wa mota daga Damagaram, daga Katsina, har daga Kano inda ya koyo aikin? Ku tambayi ƙaninsa, ga shi nan zaune."

Samari suka juyo suna kallona. Na sunkuyar da kai na ce haka ne.

A rana ta biyu da safe wani Alhaji ya zo, dillalin shanu kamar yadda mahaifinsa ya kasance. Yana ɗingisa ƙafar dama, kuma ba ta lanƙwasuwa, sai da aka kawo masa kujera. Shekara ashirin da 'yan kai rabon da ya taka ƙofar gidan nan. Da aka shafa fatiha sai ya ɗaga murya.

"Jama'a ku shaida. Abin da ya faru tsakanina da marigayi, wanda ya bar ni da wannan ƙafar, na yafe masa duniya da lahira."

Wuri ya ɗauki "Madalla" da "Allah Ya saka da alheri." Liman ya sa masa albarka. Ni ma na ce amin da bakina. Alhali Yaya bai yi wa mutumin nan komai ba. Ni na yi. An yafe wa wanda ba shi da laifi, an kuma ƙara tabbatar masa da laifin a ranar da ba zai iya buɗe baki ba, ni kuwa ina zaune a kan tabarmarsa ana ba ni haƙuri.

Kafin in faɗi yadda aka yi, ina so a san wane ne mutumin.

Mahaifinmu maƙeri ne a cikin gari. Duk fartanya ko galma da ta fito daga maƙerarsa, sai ya ja mata tsaga uku a gindi da magagari, don in ta karye tun ba a je ko'ina ba mai ita ya san ƙofar da zai dawo. Yaya ya tashi a gaban zuga-zugi, amma ƙarfen da ke tafiya shi ya ɗauke masa hankali. Ya tafi Kano ya yi shekaru a ƙarƙashin motoci, ya dawo ya kafa gareji a bakin hanyar da ta nufi Kwangwalam. Ni karatuna bai yi nisa ba, hannuna kuma bai iya ƙira ba, sai ya ce in buɗe shagon kayan gyara a jikin garejinsa. Shi ya kafa mini katakon farko.

A lokacin motocin Kwatano na shigowa ta kan iyaka. A cikinsu akwai wasu 'yan ƙasa-ƙasa masu ƙofa biyu, cikinsu kamar zai taɓa kwalta, injinsu kuwa ya fi na babbar mota fushi. 'Ya'yan masu hali ke sayen su. Yawancin makanikai gudun su suke yi, don an cushe injin ta yadda hannu ba ya shiga. Yaya kuwa in ya ga irinsu fuskarsa har haske take yi.

In an kawo masa mota ba ya fara buɗe murfin inji. Yakan zauna a kan bencinsa ya ce wa mai ita, "Tayar." Sai ya rufe ido. Wani lokaci ya ce, "Ba ta wuta kaɗan. Sake." Sannan ya buɗe ido ya faɗi ciwon, kuma da wuya a buɗe a tarar da wani abu daban.

Samarin nan da Baba suke kiransa, kuma kusan duk magana ɗaya ke kawo su.

"Baba, so nake ta ƙara gudu."

"Tana tsayawa?"

"Tana tsayawa mana."

"To bari mu fara dubawa ta nan. Gudu ai tun daga can suka ba ta wanda ya fi ƙarfin hanyar Daura."

Wani ya ce a cire mata salansa don ta riƙa kuka in ya shigo unguwar su yarinyar da yake nema. Yaya ya ce, "Kai ka je ka yi kukan, sai ta fi jin tausayinka. Motar kuwa ka bar ta." Aka yi ta dariya, har shi mai motar.

Faɗansa kullum a kan abubuwa ƙanana ne. Kada a tayar da inji da safe a figa, a bar bakin mai ya zagaya tukuna. Kada a sayi fetur na kwalba a bakin hanya, in kuma ya zama dole a tace shi da ƙyalle mai tsabta. In an zo tudun da ake yi a titi don rage gudu, a hau shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, don kada cikin motar ya daki ƙasa. Man birki a zubar da shi duk shekara a sa sabo, ko da launinsa bai canza ba, don yana shan ruwa a ɓoye. Taya kuwa ko sabuwa ce fil sai ya karanta jikinta. Yakan ce, "Wannan ta ƙasar ƙanƙara ce. Kwaltar bazara za ta dafa ta kafin ka kai Kazaure." Wani ya taɓa zuba ruwan rijiya a lagireto, Yaya ya kama kunnensa kamar ɗan cikinsa.

"Ko na Kusugu ne kada ka ƙara. Albarkarsa ta cikin mutum ce. A cikin lagireto farin gishiri yake bari."

Duk abin da ya cire a mota sai ya wanke shi da fetur ya miƙa wa mai ita a hannu, ya nuna masa inda ya ci. Duk abin da zai sa kuwa sai ya gwada shi, ko daga shagona ya fito. In tiyo ne ya lanƙwasa shi a rana yana neman tsattsagewa, ya shinshina robar, ya busa, ya latsa da farce. In fulogi ne ya auna shi a tafin hannu. Wanda ya gamsu da shi sai ya ja masa tsaga uku da magagarin mahaifinmu a jikin ƙarfen. Wanda bai gamsu da shi ba ya jefa shi a kwandon da ke ƙarƙashin benci, in ya sami sarari ya yanka shi biyu ko ya fasa shi da guduma, don kada ya koma jikin motar wani.

Wannan tsagar ita ta ɗaga shagona, kuma ita ta riƙa ci mini rai. Mutum zai shigo, ko gaisuwar kirki ba mu gama ba, ya ɗauki kaya ya juya shi ya ce, "Baba ya tsaga?" In babu, ya ajiye. A gari ba a san ni da komai ba sai ƙanin Baba makaniki. Ina da mata da 'ya'ya, gemuna ya fara fari, amma maganata a kan kayan da ke cikin shagona ba ta kai layi uku na magagari ba. Ban taɓa faɗa masa ba. Na riƙe abin a ciki yana girma.

Alhajin nan mai ɗingishi a lokacin saurayi ne ɗan shekara ashirin da biyar, ɗan fari a wurin mahaifinsa. Yana da wata ja mai ƙofa biyu 'yar Jamus, babu irinta a masarautar nan. Yana son Yaya ƙwarai. Ko ba gyara yakan zo ya zauna a benci, ya kawo tsire, ya yi ta tambaya.

Wata Juma'a ya kawo ta a duba, don washegari za a kai amaryar abokinsa Mai'aduwa kuma motarsa ce za ta ja gaba. Yaya ya shiga ƙarƙashi ya fito ya ce tiyon birki na tayar gaba ya kumbura. Tiyon nan shi ke kai man birki zuwa taya, in ya fashe babu abin da zai tsayar da mota. Na kawo guda uku daga shago. Ya lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, ya jefa duka a kwando.

"Jabu ne. A motar haya mai tafiyar hawainiya ma ba zan sa ba, balle wannan da birkinta ke zafi kamar maƙera."

Ya ce zai tafi Kano bayan masallaci ya nemo na ainihi, zai dawo Lahadi, kada motar ta motsa. Saurayin ya yi roƙo har da riƙe masa gwiwa. Yaya ya ce, "Amarya za ta isa ɗakinta ko a kan jaki. Ka hau ta wani." Aka kira sallah, muka tafi, bai samu ya yanka na kwandon ba.

Da la'asar saurayin ya dawo ya same ni ni kaɗai.

"Baffa, kai ma fa ɗan gidan ne. Ba abin da za ka iya yi? Duk gari an san motata ce a gaba."

Kai ma ɗan gidan ne. Wannan maganar ce ta shige ni. Na ce ya je ya dawo bayan awa ɗaya. Na zaro ɗaya daga kwandon, na duba shi, a idona ban ga abin da ya same shi ba. Na ce a raina Yaya dai tsanani gare shi. Na ɗauko magagarin daga ƙusar da yake rataye, na ja tsaga uku a bakin ƙarfen. Da saurayin ya dawo na nuna masa.

"Ashe akwai guda da ya duba tun makon jiya, ya manta da shi a aljihun tebur. Ga tsagarsa."

Ya duba, ya yi murna, ya rungume ni. Ni na ɗaura tiyon, na cire iskar birkin kamar yadda na sha ganin ana yi. Muka gwada a gaban gareji, ta tsaya cak. Na koma gida ranar ina jin kaina wani abu.

Sun kai amarya lafiya. A hanyar dawowa samari suka fara tsere kamar yadda suka saba, a taka wuta a taka birki. Wani amalanken shanu ya hawo titi daga gona. Saurayin ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Ya kauce wa amalanken ya haɗu da gawo. Allah Ya sa shi kaɗai ne a ciki, kuma da sauran kwanansa. Ƙafar dama ta karye wuri biyu, gwiwar ta farfashe.

Ranar Litinin mahaifinsa ya zo gareji da mutane a bayansa, da tiyon a naɗe cikin tsumma. Yaya ya dawo daga Kano tun Lahadi, tiyon na ainihi yana cikin aljihun rigarsa a lokacin. Dattijon ya warware tsumman ya ajiye a kan benci.

"Malam, duba nan. Tsagar wane ne wannan?"

Yaya ya ɗauka ya kai shi haske. Ya daɗe yana kallo. Ina tsaye a ƙofar shagona, bai ɗago ya dube ni ba ko sau ɗaya.

"Tsagar gidanmu ce," in ji shi.

Dattijon ya faɗi maganganu da ba zan rubuta ba. Ya ce ɗansa ya ɗauke shi uba shi kuwa ya ɗauke shi abin gwaji. Ya ce ba zai kai shi gaban alƙali ba don darajar mahaifinmu, amma duk mai mota a ƙasar Daura sai ya ji. Yaya bai ce komai ba sai, "Allah Ya ba shi lafiya. Laifin daga nan ya fito."

Da mutane suka watse ya kira ni. Ya ajiye tiyon kusa da wani fulogi da ya tsaga da hannunsa.

"Zo ka gani. Ni bahago ne. Tsagata ta wannan gefen take kwantawa. Wannan hannun dama ne ya ja ta."

Wannan ita ce ƙofar da ya buɗe mini. Da na ce, Yaya ni ne, na san da ya zage ni, wataƙila ya mare ni, sannan ya kama hannuna mu tafi asibiti tare. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Yaya, girma ya fara kama ka. Ka tsaga ka manta, yanzu kana neman wanda za ka ɗora wa."

Ya dube ni. Ban taɓa ganin irin wannan kallon a fuskarsa ba, babu fushi a ciki, kamar dai yana sauraron inji. Sannan ya ce, "To." Ya mayar da magagarin kan ƙusa. Daga ranar bai ƙara tsaga komai ba har ya koma ga Allah.

Motocin suka daina zuwa. Ba a rana ɗaya ba, a hankali, kamar yadda ruwa ke janyewa a fadama. Yaya ya je asibiti duba saurayin sau biyu, aka hana shi shiga. Ni kuwa kafin shekara ta zagayo na kwashe shagona na koma kusa da tasha ina sayar da kayan babur. Na ce wa mutane can ya fi ciniki. Gaskiyar ita ce ba na iya kallon bencin nan.

Shi bai bar wurin ba. Ya koma gyaran injin niƙa, da na ban-ruwa, da janareto, da tsofaffin motocin haya. Ya yi su da irin kulawar da yake yi wa waɗancan. Bai taɓa fasa zuwa gidana da Sallah ba. Shi ya yi waliccin 'ya'yana mata duka. In mun haɗu a wurin suna ko ɗaurin aure yakan matsa mini wuri kusa da shi, ya tambayi kasuwa, ya tsokane ni a kan tumbina.

Abu ɗaya ne ya kasa ɓoyewa. In muna zaune ana hira irin motocin nan ta wuce a titi, sai maganarsa ta yanke a tsakiya. Ya karkata kai, idonsa ya lumshe. Wata rana bayan ta wuce ya ce, kamar da kansa yake magana, "Fulogi ɗaya ba ya ci. Da zai kawo ta, aikin minti goma ne." Sannan ya juyo ya ce, "Ina muka tsaya?"

Shekara shida da suka wuce yanar ido ta rufe mini gani, aka ce sai an yi aiki a Katsina. 'Ya'yana maza suna nesa. Yaya ne ya rufe gareji ya tafi da ni, yana da shekara saba'in da wani abu. Kwana uku idona a ɗaure. Shi ke riƙe hannuna ya kai ni bayan gida, shi ke zuba mini ruwan alwala, shi ke fifita koko ya sa mini kofin a hannu. Hannunsa kamar bawon itace, duk tabon ƙuna da yanka. Ranar da za a kwance mini bandeji, da safe, na riƙe hannun ban sake ba. Na ce, "Yaya." Da ya ji ban ci gaba ba ya ce:

"Akwai magana ne?"

Na ce, "Babu. Idon ne ke zafi."

Ya ce, "Zai daina."

Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba, mako biyu ne, ƙirji. Kullum ina zuwa. Kullum akwai mutane a ɗakin, kullum ina cewa gobe in an ragu. Ranar Talata na tashi tafiya ya ce in gaida yara, in kuma rage shan shayi da sukari. Maganarmu ta ƙarshe ke nan a duniya.

Bayan addu'ar uku na shiga cikin gida gaida matarsa. Tana zaune a kan tabarma cikin mayafin takaba, carbi a hannu. Shekara hamsin muna wasa da ita irin na ƙanin miji da matar wa, amma ranar ba ta ɗago ba. Ta sallami jikokin da ke ɗakin.

"An ce ɗan dillali ya zo ya yafe masa."

"Ya zo, Hajiya."

"An ce har da kai a masu cewa amin."

Ashe ta sani. Ta ce tun ranar Litinin ɗin da aka kawo tiyon gareji ya gaya mata, ya kuma sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba, ko 'ya'yanta.

"Na ce masa, Malam, ka fita ka wanke kanka mana. Ya ce in na ce ba ni ba ne, sai an tambaya to wane ne. Na ce to sai a tambaya! Ya ce a'a, maganar ta ƙanina ce, ba tawa ba. Ranar da ya shirya zai faɗa da bakinsa." Ta ja carbinta. "Duk Sallah in ka zo ka tafi, sai ya ce mini, wataƙila baɗi. Da kuka dawo daga Katsina ya ce, saura kaɗan, Hajiya, ya kusa."

Ta ce ita rantsuwarta tana nan, ba za ta karya ba. Ta ce in tashi in tafi, tana da lazimi.

Na aika wa Alhajin cewa ina roƙon ya dawo ranar addu'ar bakwai. Ya zo, aka sake kawo masa kujera. Mutane sun fi na ranar farko yawa. Da liman ya shafa, kafin a fara rabon waina, na miƙe. Na dafa darbejiya. Na faɗi komai kamar yadda na rubuta shi a nan, daga kwando har magagari, har maganar da na mayar wa Yaya. Na ce a gaban jama'a aka yafe masa abin da bai yi ba, don haka a gaban jama'a nake mayar da kayan kan mai shi.

Ba wanda ya ce madalla. Babban ɗan Yaya, wanda ya bar makaranta a shekarar da aiki ya tsaya wa ubansa, ya tashi ya shige gida, har yau bai yi mini magana ba. Liman ya fara cewa Allah Yana son masu tuba, sai Alhajin ya ɗaga masa hannu. Ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Da ya yi magana muryarsa ƙasa-ƙasa take, amma kowa ya ji.

"Baffa, kai ga ka a raye. In na ga dama in yafe maka yau, in na ga dama sai baɗi, ina da lokaci. Amma shi fa? Shekara ashirin yana yi mini sallama a masallaci ina kau da kai. Ranar sunan ɗana na fari ya zo har ƙofar gida, na sa aka ce ba na nan. Mutumin da nake kai wa tsire. Ni yanzu wa zan je in roƙa?"

Na ce, "Ban sani ba, Alhaji. Ni ma shi nake nema."

Ya sa hannu ya rufe fuskarsa. Aka bar wainar a cikin kwanuka, ba wanda ya taɓa.

Duk wanda ya taɓa jin cewa Baba makaniki ya sa wa yaro jabun tiyo, kuma ya faɗa wa wani, ina roƙonsa don Allah ya nemi wanda ya faɗa wa ya gyara maganar. Wanda ya ji a Damagaram ya gyara a Damagaram. Aikin Yaya bai taɓa cutar da kowa ba.

Allah Ka jiƙan yayana, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haɗa shi da iyayenmu cikin rahama. In da hali, ya Ubangiji, Ka sanar da shi cewa na faɗa.